Mai ba ya ƙara wa teburin hoki na iska santsi

Hoki na iska wasa ne da mutum biyu ke buga ɗan faifai a kan tebur, kowa na neman zura shi a gidan abokinsa. A wuraren wasan yara na Garwa da Marwa a Kamaru, da zarar faifan hoki ya fara jan ciki a kan tebur sai a ɗauko man keken ɗinki ko man gyaɗa a shafa. Wannan shi ke kashe teburin. Iskar da fanka ke hurowa daga ƙasa, ta ƙananan ramukan da ke saman, ita ce ke ɗaga faifan har ya yi ta shawagi. Mai kuwa kama ƙura yake yi, musamman da hunturu, su dunƙule su toshe ramukan.

Ga gyaran. A kunna fankar tukuna, domin dattin ya fito waje maimakon ya faɗa ciki. A ɗan jiƙa tsumma mai laushi da sifirit a goge saman. Kada a zuba ruwa, yawancin teburan katakon gari ne, yana kumbura. Ramin da aka ɗora yatsa ba a ji iska ba, a buɗe shi a hankali da tsinke siriri, ƙasa da milimita 1. Aikin na cin lokaci, amma nan matsalar take.

Faifan da ya yi kaushi a goge shi da samfefa mai laushi. Fikafikan fankar ma suna tara ƙura. A cire wuta kafin a share su. In an tashi, a rufe teburin da ƙyalle.

Teburin da aka kawo daga Amurka, a duba takardar jikinsa: in ta ce volt 120, sai da taransifoma, don wutar Kamaru da Chadi 220 ce.