Ga Masu Gudun Safe: Ba Kullum Ce Ranar Gasa Ba

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman ku da kuka rungumi gudun safe a 'yan shekarun nan. Duk mai fita bayan sallar Asuba ranar Asabar ya san abin ya karɓu. A filin sukuwa na Kano, a Dandalin Murtala na Kaduna, har da gefen titunan unguwanni, za ka tarar da samari rukuni-rukuni. Wasu na shirin tantancewar aikin soja ko ɗan sanda, wasu likita ne ya ce su rage tumbi, wasu kuma hotunan gudun fanfalaki na Legas, wato tseren kilomita 42, suka gani suka ce baɗi da su za a yi. Abin farin ciki ne, Allah Ya ƙara lafiya. Sai dai akwai gyara, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Gyaran shi ne: saurinku ya yi yawa. Kowace fita kun mai da ita gasa.

Ku dubi yadda abin ke kasancewa. An tashi tare, an yi shawara cewa yau kilomita takwas za a yi a hankali. Ba a yi nisa ba sai wani ya ɗan ƙara taku, na kusa da shi ya ce a ransa wallahi ba za a bar ni a baya ba, shi ma ya ƙara. Kafin a kai shataletale na biyu hira ta mutu, ba ka jin komai sai haki da ƙarar takalma. A kilomita na huɗu wani ya riƙe ƙugu, wani ya dafa gwiwa yana tofar da yawu, wani ya fake da ɗaure igiyar takalmi. Wanda ya riga kowa isa kuma ya ɗauki hoton agogonsa ya ɗora a WhatsApp. Bayan 'yan makonni sai ka nemi rabinsu ka rasa. In ka tambaya a ce maka wane ƙwauri ke damunsa, wane gwiwa ce, wane kuwa ya ce shi gudun nan bai karɓe shi ba. Alhali ba gudun ne ya ƙi shi ba, shi ne ya zo masa da garaje.

A ganina daga filin ƙwallo muka ɗauko wannan hali. Can an saba da a fizga a guje, a tsaya, a sake fizga, kuma wanda aka wuce shi ne abin dariya. Gudun nesa ba haka yake ba, kuma dalilin yana cikin halittar jikin ɗan Adam. Zuciya da huhu suna da saurin sabo; cikin 'yan makonni za ka ji hakin ya ragu, numfashi ya daidaita. Amma ƙashi da agara da jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓi sai sun ɗauki watanni kafin su yi ƙwarin da za su jure dukan kwalta. To nan tarkon yake. Ƙirjinka na ce maka ƙara, ƙafarka kuwa ba ta shirya ba, kuma ba za ta gaya maka ba sai ɓarna ta auku. Ciwon ƙwaurin nan da kuke cewa tsamin jiki ne, in ya tattaru a wuri ɗaya har kana iya nuna shi da yatsa, kuma yana ƙaruwa in ka taka, yana iya zama ƙashin ne ya fara tsagewa. Wannan ba man zafi ke maganinsa ba, hutu ne na makonni da ganin likita.

Na san da yawanku Eliud Kipchoge, ɗan tseren nan na Kenya, ne gwaninku, kuma ya cancanta. A watan Oktoban 2019 a birnin Biyana na Ostiriya ya yi kilomita 42 da mita 195 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40. Don ku gane girman abin, daidai yake da mutum ya zagaya filin wasa mai mita 400 cikin daƙiƙa 68, ya maimaita haka sau 105 ba tsayawa. Amma ku da kuke kallon wannan rana, kun tambayi abin da ya gabace ta? Tun 2003, yana ɗan shekara 18, ya ci gasar duniya ta mita 5,000 a Faris. Bai shiga gudun fanfalaki ba sai 2013 a Hambog ta Jamus. Shekara goma cur yana gina ƙafarsa a gajerun tsere kafin ya tunkari dogon. A sansanin atisayensu na Kaptagat da ke Kenya, mafi yawan gudun da suke yi a mako mai sauƙi ne a wurinsu, suna yi suna hira; ranakun wuta 'yan kaɗan ne, kuma an san su tun kafin su zo. Ku kuwa ranar gasarsa kuka ɗauko kuna kwaikwayo, kun bar sauran ranakunsa. Kai da ka fara gudu bayan ƙaramar Sallah, har ka fara maganar Legas a watan Fabrairu?

Ma'aunin ba ya buƙatar agogo mai tsada. In kana gudu ba ka iya gaya wa na kusa da kai cikakkiyar magana ba tare da numfashi ya sarƙe ka ba, to ka wuce ƙa'ida, rage. In ma sassarfar ta fi ƙarfinka, haɗa da tafiya: minti biyu gudu, minti ɗaya tafiya, har rabin awa. Babu abin kunya a ciki, wanda ya yi maka dariya ba shi zai biya maka kuɗin hoton ƙashi ba. Kwana uku a mako sun ishi mai farawa, da hutu a tsakani, domin a lokacin hutu da barci ne jiki ke gyara abin da gudu ya motsa. In za ka ƙara nisa, ƙara kaɗan, masu horarwa kan ce kada ƙarin ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da ka yi makon jiya. Rana ɗaya a mako ta isa a gwada sauri, shi ma bayan an yi wata biyu ko uku ana gina tushe. Kuma in akwai burji ko filin makaranta kusa da kai, ka riƙa hutar da ƙafarka daga kwalta.

Sai maganar zafi, wadda ta fi komai tayar mini da hankali, don ita ba ƙafa kawai take ci ba, rai take ɗauka. A gasar duniya ta 2019 a Doha, sai da aka kai gudun fanfalaki na mata tsakar dare saboda zafi, amma duk da haka cikin mata 68 da suka tashi, 40 ne kawai suka kai ƙarshe. Waɗannan ƙwararru ne da likitoci ke biye da su. A gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021 ma ɗauke gudun aka yi gaba ɗaya aka kai shi Sapporo da ke arewacin Japan don gudun zafi. To kai wane ne da za ka fito ƙarfe goma na safe a watan Afrilu, a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, lokacin da zafin rana ke kai maki 40?

Mafi muni shi ne masu sa rigar leda ko rigar sanyi a ƙarƙashin kayan gudu wai don kitse ya narke. Za ka gan shi gumi na zuba ta hannun riga, fuska ta yi jawur, yana murna ya rage kilo biyu. Ɗan'uwa, ba kitse ka zubar ba, ruwan jikinka ne, kuma da ka sha ruwa nauyin zai dawo. Gumi ba ya sanyaya jiki sai ya bushe a kan fata. In ka rufe shi da leda ka toshe hanyar da Allah Ya yi wa jiki ta fitar da zafi. Duk wanda kuka ga ya fara tangaɗi a cikin gudu, ko yana magana ba kan gado, ko ya kasa gane inda yake, kada ku tsaya cewa ya daure. Ku kai shi inuwa, ku cire masa kaya masu nauyi, ku yi ta kwara masa ruwan sanyi kuna yi masa fifita, a nemi abin hawa zuwa asibiti. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki.

Shi ma ruwan yana da iyaka. A gudun Boston na 2002 an gwada jinin ɗaruruwan masu gudu, aka tarar kusan 13 cikin 100 gishirin jininsu ya yi ƙasa, galibi saboda yawan shan ruwa. Ka sha gwargwadon ƙishirwa, in gudun ya haura awa ɗaya cikin zafi ka haɗa da ruwan gishiri da sukari.

Akwai abubuwa biyu da suka shafe mu fiye da mutanen da kuke kallo a intanet. Na farko jininmu. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS, wato ya gaji ƙwayar sikila daga ɗaya cikin iyayensa. Mai AS lafiyarsa ƙalau, yana iya gudu har ya yi fice, amma in matsanancin ƙoƙari ya haɗu da zafi da ƙarancin ruwa, haɗarinsa ya fi na waninsa. Mun saba ba a gwajin nan sai aure ya taso. Mai gudu ya kamata ya san nasa tun yanzu, ya kuma auna hawan jini. Na biyu zazzaɓin cizon sauro. Kada ka yarda da masu cewa fita ka yi gudu zazzaɓin ya fita da gumi. Mai zazzaɓi kwanciya ce tasa da magani, sai ya warke sarai ya dawo a hankali.

Game da ƙwaya kuwa ba zan yi kwana-kwana ba. Wanda ya haɗiyi tiramadol don kada ya ji gajiya ya kashe mai gadin jikinsa ne, domin ciwo shi ke gaya maka ka tsaya. Hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta haramta shi a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairun 2024, ban da jarabar da yake jefa mutum a ciki, wadda duk mun ga aikinta a unguwanninmu. Har magungunan ciwon jiki da ake saya a kemis ba takarda, irin su diclofenac da ibuprofen, shan su kafin dogon gudu cikin zafi yana iya taɓa ƙoda. Manzon Allah (SAW) ya gaya wa Abdullahi ɗan Amr, da ya tsananta wa kansa a azumi da tsayuwar dare, cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. In an faɗi haka a kan ibada, ina ga gudun da ba a wajabta maka ba? Da azumi ma haka: ka rage nisa, ka mai da shi bayan Tarawihi ko 'yar sassarfa dab da shan ruwa.

Takalmi ba sai na yi dogon bayani ba. Na san za a kawo mini Abebe Bikila na Habasha da ya ci zinare ba takalmi a Rum a 1960, amma a tuna a Tokyo a 1964 da takalmi ya sake ci. Gwanjo mai kyau daga Ƙofar Wambai ya wadatar, in dai ƙasansa bai cinye ba kuma akwai sarari kamar faɗin babban yatsa a gaban yatsunka. Kambas ɗin ƙwallo da silifas ba na wannan aiki ba ne. A titi kuma ka riƙa fuskantar motocin da ke tahowa, ka sa kaya masu haske, ka cire abin kunne. Mai Adaidaita Sahu da asuba ba lallai ya gan ka ba. Kuma don Allah in kun ga 'yan uwa mata sun fito motsa jiki cikin suturarsu, ku kama bakinku ku ba su hanya. Ya tabbata Nana A'isha (RA) ta yi tsere da Manzon Allah (SAW).

In lokacin gasa ya yi, fara da kilomita 5 ko 10. Gudun Legas, da aka fara a 2016, yana da ɓangaren kilomita 10, ga kuma na Okpekpe a jihar Edo da ake yi tun 2013, shi ma kilomita 10 ne. Cikakken na Legas ba wasa ba ne: hanyar da aka saba bi daga filin wasa na Surulere zuwa Eko Atlantic ta ratsa gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, ba inuwa ko ta sisi, ga laimar teku da ɗan Arewa bai saba da ita ba. Ko 'yan uwanmu na Filato, da suka fi kowa wannan fage a ƙasar nan kuma suke atisaye a kan tsaunukan Jos da Pankshin, suna jin jiki a can. Abincin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta kamar man tankin babur ne, yana da iyaka, kuma mai murɗa totur tun farko shi ke riga kowa tsayawa. Shi ya sa wajen kilomita 30 za ka ga ƙato ƙafa ta ƙi ɗaguwa, dattijon da ƙaton ya bari a baya tun da safe ya zo ya wuce shi yana sassarfa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka sa sabon takalmi ranar gasa, kada ka ci abin da cikinka bai saba da shi ba. Makon ƙarshe na rage gudu ne, ba na rama abin da ya wuce ba. Daren gasa ka ci shinkafarka ko tuwonka da wuri, da safe ɗan kunu ko ayaba awa biyu kafin tashi, ka riƙe dabino a aljihu in nisan da yawa. A bayan lambar ƙirjinka ka rubuta sunanka da rukunin jininka da lambar wayar wani naka, kuma kada ka karɓi lambar wani ka yi gudu da ita. In ka faɗi, bayanan mai lambar za a duba. Da an busa usur jama'a za su kwasa a guje kamar an biyo su, ka bar su su tafi. Kilomita biyun farko ka yi su a hankali fiye da yadda ranka ke so.

Bayan ka karɓi lambar yabonka kuma kada ka zube nan take, ka ɗan taka na minti goma, ka sha ruwa, ka ci abinci. Tsamin jiki ya fi tsanani a rana ta biyu, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma in ka ga fitsarinka ya koma kalar shayi ba madara, ko ya ƙi zuwa, ga ciwon tsoka mai tsanani, kada ka jira gobe, asibiti za ka nufa a ranar. In kilomita 10 ka yi, huta kwana biyu ko uku. In cikakken fanfalaki ne, ka ba ƙafarka aƙalla mako guda, ka dawo da tafiya kafin sassarfa.