Subhanallah ta yatsa

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Duk sanda hoton Andromeda ya zagayo a Facebook ko WhatsApp, abu ɗaya ake yi: a rubuta "Subhanallah", a danna alamar zuciya, a zarce bidiyon barkwanci. Yatsa ya yi tasbihi, zuciya ba ta ma san an yi ba. Wannan ita ce gafalar da nake jiye mana tsoro. Muna karanta "afalam yanzuru ilas sama'i fauƙahum" a Suratu Ƙaf, wato "shin ba su dubi sama a bisansu ba", amma wani a cikinmu ya shekara bai ɗaga kai ya dubi sama da niyya ba.

Kun san abin da kuke wucewa kuwa? Galaksi ce, tarin taurari da aka ƙiyasta sun kai tiriliyan ɗaya, shimfiɗe a nannaɗe kamar saƙar faifai, tsakiyarta curi mai haske, hannuwanta suna kewaye shi. Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, amma sai ya yi kimanin shekara miliyan 2.5 kafin ya iso mana daga can. Tana kuma matsowa wajen tamu galaksin, Milky Way, da gudun kilomita 110 a daƙiƙa.

Abin da ya kamata ya ba mu kunya shi ne wanda ya fara rubuta ta. Abdurrahman al-Sufi ne, masanin taurari na ƙasar Farisa, a littafinsa na taurari wajen shekarar 964 miladiyya. Ya kira ta ƙaramin gajimare. Babu madubin hangen nesa a zamaninsa, idon da Allah Ya ba shi ne kawai da haƙurin tsayuwar dare. Irin idon nan ne a fuskarka, ɗan'uwa.

Dubi kuma wahalar da aka sha kafin a san nisanta. A 1912 Henrietta Leavitt ta nuna cewa akwai wasu taurari masu ƙaruwa da raguwar haske, waɗanda tsawon lokacin zagayen haskensu yake nuna ainihin ƙarfinsa. Idan ka san ainihin ƙarfin, ka gwada da ɗan abin da ya iso idonka, nisa ya fito. A 1923 Edwin Hubble ya gano irin tauraron nan a cikin Andromeda da madubi mai faɗin inci 100 a dutsen Wilson, Kalifoniya, ya tabbatar tana wajen Milky Way gaba ɗaya. Duk da haka lissafinsa ya gaza, nisan da haske ke yi a shekara kimanin 900,000 ya samu. Sai a 1952 Walter Baade ya nuna taurarin nan iri biyu ne aka cakuɗa, nisan ya ninka. Shekara arba'in mutane suna sake duba, suna gyara. Mu da aka ce mana a Suratul Mulk mu mayar da gani, mu sake mayarwa, minti ɗaya ya gagare mu. Haba jama'a!

Kada wani ya ce ba shi da na'ura. Ana ganinta da ido, ga yadda ake yi.

Ga waɗanda ke arewacin duniya, lokacinta Oktoba zuwa Disamba, bayan sallar isha'i. Zaɓi daren da babu farin wata, daga 22 ga watan Musulunci zuwa 3 ga mai kamawa. Ka nisanci fitilu, kuma idan akwai hazo ko ƙura ka haƙura sai wani dare. Fuskanci arewa ka nemi taurari biyar masu siffar W, wato Kasiyofiya. Kusurwa biyu gare ta, wadda ta fi zurfi tana nuna wajen Andromeda. Miƙe hannunka ka dunƙule shi, ka auna dunƙule ɗaya da rabi daga bakin kusurwar.

Yawanci abu biyu ke hana mutane gani. Na farko waya. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 a duhu kafin ya buɗe sosai, kuma leƙa allo sau ɗaya ya isa ya mayar da kai baya. Na biyu zuba mata ido kai tsaye. Ƙwayoyin da ke gani a duhu sun fi yawa a gefen ido, don haka ka kalli ɗan nesa da wurin kaɗan, za ta bayyana ta gefe. Kada ka sa ran launukan hoto. Ɗan dusu-dusu za ka gani, mai tsawo, kuma tsakiyarta ce kawai, alhali faɗinta a sama ya kai faɗin cikakken farin wata guda shida a jere. Tabarau na hangen nesa 10x50 yana ƙara fito da ita.

Minti 20 babu waya. A nan ne za ka san matsayin zuciyarka, domin da yawanmu ba za su iya ba. 'Yar'uwa, ke ma da ke nake. Don Allah ku fita a ƙarshen watan Musulunci idan lokacinta ya zo, ku bar wayoyin a ɗaki, ku tafi da yaranku ku nuna musu. Idan kun gan ta, sannan ku ce Subhanallah da bakinku. Allah Ya yaye mana gafala, amin.