Ba Duk Rawayan Furen Bakin Hanya Ne Baƙo Ba

Yana damuna yadda mutane ke kiran duk wani rawayan fure da ya tsiro a bakin hanya da damina sanfulawa, har su ce Turawa ne suka kawo shi. Suna da uzuri, domin furannin suna kama da juna sosai: tsakiya a dunƙule, rawayan fiffike kewaye da ita. Dukkansu dangi ɗaya ne, wanda masana tsirrai ke kira Asteraceae.

Amma akwai ɗan gida a cikinsu. Sunansa na kimiyya Aspilia africana, kuma kalmar ta biyu na nufin na Afirka. Ya fi yawa a tsakiya da kudancin Najeriya, a gonakin da aka bari su huta. Sanfulawar da ake matse mai daga 'ya'yanta ita ce Helianthus annuus, asalinta Arewacin Amurka. Dogon nan da ke cinye gefen titi, ya wuce tsayin mutum, shi ne Tithonia diversifolia, daga Meziko da Amurka ta Tsakiya ya zo.

Ka tsinki ganye ka shafa. Na Aspilia siriri ne mai tsini, yana da kaushi kamar harshen kyanwa, kuma biyu-biyu yake fitowa suna fuskantar juna. Shi ne manoma a kudu ke murzawa su matse ruwansa a kan yankan lauje don jini ya tsaya. Na Tithonia kuwa faffaɗa ne, a rarrabe kamar yatsun hannu, ɗaya-ɗaya yake fitowa a jikin kara.