Katafila ba ta tsabtace ruwan rafi

Duk sanda ƙaramar hukuma ta ce ta fito da shirin tsabtace rafuka, an riga an san abin da zai biyo baya. A kafa kwamiti, a ba ɗan kwangila aikin yashe rafi, katafila ta kwaso laka ta jibge a bakin gaɓa, a ɗauki hoto. Ruwan sama na farko ya mayar da lakar inda aka ɗebo ta. Wai an gyara ruwa ke nan! Haba, wannan wasa da hankalin jama'a ya isa haka.

Ƙazantar da ke cikin rafi daga tudu ta gangaro: masai da ke tsiyaya, jini da kashin dabbobi daga mayanka, baƙin mai daga garejin kanikawa, takin zamani daga gonaki, da ƙasar da zaizaya ta kwaso. Wurin aikin shi ne dukkan faɗin ƙasar da ruwanta ke gangarowa cikin rafin, ita kuwa ba ruwanta da iyakar ƙaramar hukuma. In ƙaramar hukumar da ke gangare ta yi aiki, ta sama tana ci gaba da zubo ƙazanta, an yi ɗiban ruwa da kwando.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne rashin awo. Ta yaya za a ce ruwa ya inganta ba a san yadda yake tun farko ba? Ana zaɓar wurare tabbatattu, sama da gari, da bakin kowace babbar magudana, da ƙasa da gari, a riƙa ɗibar ruwa duk wata har shekara ta zagayo, a ƙara ɗiba a sa'o'in farko bayan an yi ruwan sama, domin kwararar farko ce ke ɗauke da mafi yawan datti. Ruwan gwajin ƙwayoyin cuta a tsabtatacciyar kwalba ake zuba shi, a sa cikin ƙanƙara, ya isa ɗakin gwaji cikin awa 6. Wanda ya wuni a bayan mota cikin rana, sakamakonsa shirme ne.

Iskar oksijin da ke cikin ruwa kuma da asuba ake auna ta. Gansakukar da taki ya ƙosar tana fitar da oksijin da rana, da dare ta zuƙe shi. Jami'in da ya zo da azahar zai rubuta cewa komai lafiya, kashegari a tarar da kifaye sun taso ciki sama. Yawancin kifaye na buƙatar wajen miligiram 5 na oksijin a kowace lita ta ruwa, in ya sauka ƙasa da 2 sai mutuwa. Ga ruwan sha, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ƙwayar E. coli, mai nuna kashi ya shiga ruwa, a mililita 100, kada kuma sinadarin naitiret, wanda ake samu a taki, ya wuce miligiram 50 a lita, saboda illarsa ga jinin jarirai. A wane shafi na shirin aka rubuta waɗannan lambobi?

Gyaran ma ba ɓoyayye ba ne. Ramin masai ya yi nisan mita 30 daga ruwa, gindinsa ya tsaya aƙalla mita 1.5 sama da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Motocin kwashe masai a ba su wurin juyewa na ƙa'ida, in ba haka ba cikin dare za su juye a kwalbati. A bar mita 15 zuwa 30 a kowace gaɓa ba noma ba gini, a dasa ciyawa mai dogon saiwa irin su jema da itatuwa, su tare laka da taki. Dabbobi a gina musu kwamin shan ruwa nesa da gaɓa.

Amma me ake yi? A shafe rafin da kankare don ya yi kyan gani. Ruwa ya ƙara gudu, ya je ya ci gaɓar mutanen gangare, ciyayin da ke tace shi kuma an kashe su. Ana ta raba filaye a bakin ruwa, alhali da zarar rufin gidaje da kwalta sun rufe kusan kashi 10 cikin 100 na ƙasar da ke shayar da rafi, lalacewarsa ta fara bayyana. Kududdufin tare laka da aka haƙa, ba a ware kuɗin kwashe shi ba, damina biyu ya cike ya zama gidan sauro.

A liƙa mana sakamakon awo duk wata a inda kowa zai gani, da taswirar kowace magudana mai zubo ƙazanta, da sunan ofishin da zai rufe ta, da ranar da zai yi hakan. Kansilan da ya sa hannu a shirin da babu waɗannan, ya fito ya faɗa wa jama'a abin da aka saya da kuɗinsu.