Ashe nasu ruwan ma ja yake fitowa

Wallahi abin nan ya tsaya min a rai. Ƙanina ya turo min bidiyo ta WhatsApp na burtsatsen da muka yi karo-karo muka haƙa a unguwarmu a Sakkwato bara, ya tara bokiti ruwa ya fito garau, kafin la'asar ya koma ja kamar an jiƙa jar ƙasa, Inna ta ce farar shaddar Baba ta tashi daga aiki, shayi ma in aka dafa da shi baƙi yake yi. An dai koma wa 'yan ga-ruwa. Na nuna wa wani abokin aikina Bature a nan Holan ina jiran ya jajanta min, sai mutumin nan ya yi dariya wai ai ƙarfe ne kawai, nasu ma haka yake fitowa. Wannan "kawai" ɗin ita ta ƙona min rai.

To amma gaskiyarsa. Wajen kashi 60 cikin 100 na ruwan shan Holan daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi, kuma na taɓa shiga wata tashar tace ruwa ta kamfanin ruwansu mai suna Vitens na gani da idona. Ruwan na gangarowa kan wasu matakalai yana fantsama, bangon duk ya rine da tsatsa, ga ɗan wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Wai a can ƙasa babu iska shi ya sa ƙarfen ke narke ba ka ganinsa, da ya shaƙi iska sai ya zama tsatsa ya yi gudaji, daga nan ruwan ya bi ta cikin yashi mai kauri, yashin ya riƙe dattin, lokaci-lokaci su turo ruwa da iska ta ƙasa su wanke yashin. Ko kulorin ba sa sawa. Jan laƙar da ta taru ma ba a zubarwa, masu yin gas da kashin shanu ake kai wa. Dokar Turai ta ce kada ƙarfe ya wuce miligiram 0.2 a lita, tamu ta Najeriya 0.3, a takarda dai.

Iska da yashi fa jama'a! Me muka fi yashi a Sakkwato? Amma mai haƙa ya karɓi kuɗinsa, ruwa ya ɓullo aka yi kabbara ya naɗe kayansa, ba wanda ya ce a kai kwalba ɗaya a gwada, har da ni da nake nan ina cika baki. Na san za a ce su 'yan Holan ba a ɗauke musu wuta, haka ne, amma tanki biyu da durom na tsakuwa da yashi ba sai da NEPA ba.

Kuma shi Baturen da ke min dariya, Inna ta riga shi sani. Tun muna yara ruwa sai ya kwana a randa take tsiyaye na sama, ba ta taɓa jin sunan Vitens ba. Ruwan famfonsu tas yake, ban musa ba, amma shekarata shida a nan ban sha wanda ya kashe min ƙishi kamar na randar ƙofar ɗakinta ba, da sanyinsa da ƙamshin ƙasar nan, a moɗa.

Jiya na kira ƙanin nawa ina masa bayanin durom da yashi, ya bari sai da na gama tsaf sannan ya ce, "To Yaya, ka zo ka haɗa mana da kanka mana, Inna ma cewa ta yi ruwan ba shi ne damuwarta ba."