Kafin Coartem ya bi sahun nivakin

Duk wanda ya girma a Maradi ya san nivakin, ɗacin nan da ƙaiƙayin da yake sa wasu su kwana suna susa. Yau ina yake? Ƙwayar palu ce ta gane shi ta daina jin tsoronshi. Abin ya faro daga kudu maso gabashin Asiya a ƙarshen shekarun 1950, ya shigo gabashin Afirka wajen 1978, sannu a hankali har ya iso mu, yara suka yi ta mutuwa da magani a cikinsu. To wlh hanyar nan ce dai ake sake bi yanzu da artemisinin, wanda shi ne ƙashin bayan Coartem ɗin da muke saye a farmasi. A 2014 masu bincike suka gano canjin da ke sa ƙwayar jure mashi, a ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadonta (wato abubuwan da ke tsara halittarta) da suke kira kelch13, a Kambodiya, kuma a 2020 aka tabbatar da irinshi a Ruwanda, daga baya Uganda.

Shi ya sa nake son mu yi maganar wani fanni da a kunne kamar bai shafe mu ba, wato binciken da ake yi da ƙananan sinadarai don a gane aikin kwayoyin gado. Ƙwayar palu tana da ƙwayoyin gado sama da 5,000, an karanta su tun 2002, amma karanta suna daban sanin aikin mai suna daban. Sai masana suka ce bari mu bi ta baya. A zuba ƙwayar a dubban ƙananan ramuka, kowane rami a ɗiga mashi sinadari guda, a ga wanne ya kashe ta, kamar mai tarin makullai yana gwada su ɗaya bayan ɗaya a kwaɗo. Wanda ya buɗe, sai a koma tambayar da ta fi komai muhimmanci: ina ya kama ta?

Nan ne dabarar ta burge ni. Sai su riƙa ba ƙwayar sinadarin kaɗan kaɗan har ta saba ta fara jurewa, sannan su karanta gadonta su gwada da na wadda ba ta sha ba, inda aka ga canji to nan ne maganin yake duka. Haka aka gano cewa cipargamin, wani sabon maganin palu, yana toshe wani famfo da ƙwayar ke fitar da gishiri da shi, PfATP4, in ya toshe sai ta kumbura ta mutu. Ka ga an samu magani kuma an samu ilimi, har an san ta inda za ta ɓullo in ta tashi yin gardama.

Kuma kada wani ya ce aikin Turawa ne kawai. A 2010 kamfanin magunguna GSK ya gwada sinadarai kusan miliyan 2, ya fitar da sama da 13,000 da suka taɓa ƙwayar ya buɗe ma duniya bayanansu. Ƙungiyar MMV ta Janeba, mai neman sabbin magungunan palu, ta tattara sinadarai 400 a akwati guda ta riƙa aika ma masu bincike kyauta. A Afirka ta Kudu, Kelly Chibale ɗan Zambiya ya kafa cibiyar binciken magunguna ta H3D a jami'ar Cape Town a 2010, daga can wani sabon maganin palu mai suna MMV048 ya fito har aka kai ga gwada shi a jikin mutane.

Mu kuma fa? Damina na sauka asibitocin Madarunfa da Gidan Runji suna cika, uwa ɗauke da yaro jiki kamar garwashi, jinin da ake buƙata don bin sawun ƙwayar yana nan wurinmu, itatuwan ma suna nan. Lokacin korona kowa ya ga yadda aka yi rububin tazargade a kasuwa, kuma daga dangin wannan ganyen ne Tu Youyou ta ƙasar Sin ta ciro artemisinin a 1972 har ta ci kyautar Nobel a 2015. Bambancinta da mu shi ne ita ta ware sinadarin ta auna shi, mu muna dafawa mu sha ba mu san nawa ya shiga ba, kuma shan kaɗan kaɗan ɗin nan shi ne daidai abin da ake yi a labo in ana son koya ma ƙwayar jurewa. Wannan kam yana tada mani hankali sosai.

Ban ce jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta sayi injinan gwada miliyoyin sinadarai ba, ba mu da wannan kuɗin kuma ba shi ne farko ba. Abin da nake roƙo, a samu labo ɗaya mai wuta da firji da ba su ɗaukewa inda ɗalibanmu na kimiyya za su iya rainon ƙwayar palu, su gwada sabara da marke da bedi a kanta, su haɗa hannu da cibiyar binciken lafiya CERMES ta Yamai wajen duba kelch13 a jinin marasa lafiyarmu duk damina. In za a fita da jinin yaranmu waje, to a fita da ɗalibi guda tare da shi, ya koyi aikin ya dawo.