Almakashi ba ya haƙa rijiya

Na so in yi shiru, wallahi na so. Amma tun da aka tashi daga taron majalisar gari jiya mutane ke tare ni a hanya, wannan ya ce ka ji abin da aka faɗa, wancan ya ce da kai fa ake. Na ji. Ina zaune a wurin da biro a hannuna, ni ne ma na rubuta maganar cikin littafin taro yadda ta fito daga bakin mai ita, domin aikin sakatare ke nan. Wai akwai wasu da suka kankane kwamitin ruwa da nake ciki, wai kuɗin gyaran famfo ba a san inda suke shiga ba. Bai kama suna ba, don haka ni ma ba zan kama ba. Mai abu ya san kansa, ku ma kun san shi.

Kun san shi mana. Shi ne wanda ba a ganinsa ranar haƙa, ba a ganinsa ranar ɗiban yashi, ba a ganinsa ranar da ake bi gida gida ana roƙon gudummawa ana shan baƙar magana. Sai ranar buɗe aiki za ka hango shi tun daga nesa, an sha ado, mai ɗaukar hoto na biye, almakashi na hannu. Ya yanka ƙyalle, ya yi jawabi, kafin yamma hoton ya zagaye wayoyin mutane da rubutu a ƙasa wai "mun cika alkawari". Alkawarin wa? Almakashi ba ya haƙa rijiya, jama'a. Aikinsa yankan ƙyalle ne bayan masu gumi sun gama.

Tunda an taɓo famfo, bari in yi wa masu son sani bayani, don akwai masu maganar kuɗin gyara da ba su taɓa leƙa cikin kan famfo ba. Tuƙa-tuƙan da muke da shi ƙirar India Mark II ne, irin wanda aka ƙirƙiro a shekarun 1970 da haɗin gwiwar gwamnatin Indiya da UNICEF don ya jure hannun jama'a masu yawa. Yana da ƙarfi, amma ba ya gyara kansa. Sarƙar da ke cikin kansa tana son giris a kai a kai, in ta bushe sai ta fara kuka, daga kuka sai tsinkewa. Robobin cikin silinda suna cinyewa, in sun cinye sai ka ga yarinya tana tuƙi har hannunta ya mutu, ruwan kuma na zuwa ɗis ɗis. Silindar nan kuwa can ƙasa take. Ba a kai gare ta sai an zaro bututun ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, kowanne tsawon mita 3, cike da ruwa, maza na riƙe da shi da ƙarfin tuwo, in ya kuɓuce ya faɗa rami to an shiga uku. Ma'aunin da masu aikin agaji ke bi shi ne mutum 500 ga famfo ɗaya irin wannan. Duk wanda ya ga layin bokitai da asuba ya san namu ya zarce haka nesa ba kusa ba. Abin da aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinsa dole ya riƙa lalacewa, kuma can kuɗin gyaran ke shiga.

Wancan karon da muka zaro bututun, sai da muka yi nisa sannan muka ga inda tsatsa ta huda shi, ɗan rami ne da bai kai ƙwayar ido ba, amma ta nan ruwan ke komawa ƙasa. Wani saurayi da ke riƙe da maƙulli ƙarfen ya yanke masa tafin hannu, ya yage gefen rigarsa ya ɗaure, ya ci gaba da riƙo don in ya saki aikin kowa ya lalace. Ba wanda ya ɗauke shi hoto. Ranar mai almakashi yana gari, lafiyarsa ƙalau, ya wuce mu a kan babur ko sannu bai ce ba.

Batun kuɗi kuma, majalisa na da asusu a banki. Ba a cire ko sisi sai da sa hannun mutum biyu, shugaba da ma'aji, ni ba na cikinsu. Duk abin da aka saya akwai rasit, an manna shi a littafin shiga da fita, an karanta a gaban taro, an tambaya ko akwai mai gyara, aka yi shiru. Da shi aka yi shirun. Wanda ke da tambaya ta gaskiya a lokacin yake ɗaga hannu, ba ya jira sai an zo tashi sannan ya jefa magana ya kama ƙofa.

Ni na san daga inda wannan ƙiyayya ta samo asali, tsofaffin 'yan majalisa ma sun sani. Daga maganar bandakin jama'a ne. Ya nace sai an haƙa shi dab da famfo, don nan ne bakin hanya, nan ne masu wucewa za su ga allon da aka rubuta sunaye. Na miƙe na ce ba zai yiwu ba. Ƙa'idar da masu aikin ruwa da tsafta suka sani ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da inda ake ɗiban ruwan sha, kuma gindin ramin ya kasance sama da ruwan ƙarƙashin ƙasa da aƙalla mita 1.5. Ba ni na ƙirƙiro ba. Ƙazanta na bin ƙasa, in ta kai ga ruwa sai amai da gudawa su shiga gari, kuma 'ya'yanmu ne farkon faɗuwa. Aka kaɗa ƙuri'a, aka kayar da shi. Tun daga ranar gaisuwarsa ta canza. To ta daɗe ba ta canza ba. Da za a sake kawo maganar gobe, abin da na faɗa shi zan maimaita.

Yanzu mu zo kan kwalbati, tunda lissafi ake so.

Aiki ɗaya tak aka taɓa danƙa masa a majalisar nan, kuma shi ya roƙa da bakinsa. Dokarmu a rubuce take: kafin a ba da aiki a kawo ƙiyasi daga wajen mutum uku a kwatanta. Ya kawo ɗaya. Aka yi magana, ya ce lokaci ya ƙure, damina ta kusa. Aka ɗaga masa ƙafa. Dattawan da suka san yawan ruwan da ke gangarowa ta wurin suka ce bututun da aka kawo ya yi ƙanƙanta, ya ce su ba injiniyoyi ba ne. Aka zuba kankare. Kowane birkila, ko wanda jiya ya fara riƙe cokalin gini, ya san kankare na buƙatar a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai ya yi kwana 28. Wa ya ba wannan ruwa? Rana ta yi ta dukansa har ya fara tsagewa tun ba a taka shi ba. Kwanakin ba su cika ba aka ce za a yi baƙi, dole a buɗe. Aka ɗaura ƙyalle, aka fito da almakashi, aka tafa, motoci masu kaya suka fara hawa.

Ruwan farko mai ƙarfi ya zo, bututun ya kasa haɗiye shi, shara ta toshe bakin, ruwa ya haura ta sama ya cinye ƙasar gefe da gefe, sauran ya juya ya shiga gidajen da ke gangare. Ku je ku gani, gani ya kori ji. Rodi na nan a waje ya yi tsirara, gefe ɗaya ya zauna, akwai tsagar da hannun mutum zai shige. Almakashi ba ya haƙa rijiya, ashe kwalbati ma ba ya ginawa.

Maganar fitilun sola da aka ce a sa a bakin asibiti da makaranta, sai ga biyu sun bayyana a wani layi da kowa ya san mai gida a ciki, wannan na bar ta. Maganar kujerun ɗakin taro da aka ara ba su dawo ba, ita ma na bar ta.

Amma kwalbati ba zan bari ba. Kai, da kai nake yanzu, kuma na san kana karantawa, in ma ba ka karanta ba yaranka za su kai maka. Da wane ido ka kalle ni jiya ka yi maganar amana? Ina rasit ɗin siminti? Ina takardar yarjejeniya da ɗan kwangila? Buhu nawa aka saya, nawa aka zuba? Sau nawa aka sa rahotonka a ajanda, da an zo kansa sai wayarka ta yi ƙara ka fita? Akwai tsohuwar da ruwan kwalbatinka ya rusa wa katanga, har yau da tsumma da kara ta kare gidanta. Ka taɓa zuwa ka ce mata Allah ya kyauta? Yara 'yan makaranta na tsallake ramin nan kullum da safe, manya na ɗaukar ƙanana, uwayensu na tsaye suna kallo da fargaba. Wannan bai hana ka barci ba, sai robar famfo ce ta tsone maka ido.

Wasu za su ce na yi zafi, bai kamata sakatare ya fito fili haka ba. Ku yi haƙuri, 'yan uwa. Ba albashi nake karɓa ba, ba kujera nake nema ba. Mutuncina kaɗai gare ni a garin nan, shi zan bar wa 'ya'yana, kuma ba zan zauna wani ya shafa masa baƙi don ya rufe nasa ramin ba. Na haƙura da aka cire sunana daga allo. Na haƙura da aka riƙa kiran taro ba a sanar da ni ba sai an zauna. Sata ce ba zan haƙura a jingina mini ba, ko da habaici ne, ko da wasa.

Na riga na miƙa wa shugaba ƙuduri a rubuce, kuma wani ɗan majalisa ya mara masa baya, don haka ba mai cire shi daga ajanda. A nemo mutum biyu daga wajen majalisa su binciki littafin kwamitin ruwa shafi shafi, sannan su binciki na kwalbati da irin idon da suka duba nawa. A kuma yanke shawarar gyaran kwalbatin kafin ruwa ya sake sauka, da bututun da ya dace, da ƙiyasi uku yadda doka ta ce. Ku zo taron, ƙofa a buɗe take ga kowa, musamman mutanen gangare da ruwa ya shiga gidajensu. Shi kuma mai almakashi, wannan karon ya kashe wayarsa ya zauna har a ƙirga hannuwa.